Yadda na rabu da kurajen fuska, da abin da ya sami fuskar Gwaggona

Kurajen fuska sun kama ni tun ina sakandare, ba su sake ni ba har na gama jami'a. Kowa da nasa maganin: wannan ta ce sabulun salo, waccan ta ce lemon tsami da kurkum, wata ma ta ce in ɗora man goge baki a kan kurjin. Sai da na zauna gaban likitar fata sannan na gane abin da ke damuna.

Ta ce kowace ƙofar gashi a fata tana fitar da maiƙo. Idan balaga ta zo sai maiƙon ya yi yawa, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. Nan ne wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, take samun wurin yaɗuwa, sai wajen ya kumbura. Akwai kuraje masu baƙin kai, akwai masu farin kai, akwai masu mugunya, sai kuma manyan da ke can ciki masu raɗaɗi, su ne suka fi barin rami. Baƙin kan nan ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ƙofar ya yi duhu, shi ya sa dirje fuska da soso ba ya ƙara komai sai kumburi.

Da ta duba goshina sai ta ce, "Malama, wane mai kike sa wa gashinki?" Ashe man kitso ne ke gangarowa, ga ɗankwali ya danne wurin, ga zufa.

Ta rubuta mini benzoyil feroksayid da safe, adafalin da dare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake a shafe dukkan fuska. Ta ce kada in sa ran ganin sauyi kafin mako 8 zuwa 12. A ganina nan ne mutane da yawa ke karaya. Makonnin farko fuskata ta bushe, gefen hancina yana ɓarewa, ga hunturu. Na rage shafawa zuwa bayan kwana bibbiyu, na haɗa da man fuska mara maiƙo, har fatar ta saba. Maganin safen nan yana koɗar da tufafi, rigar filona shuɗiya sai da ta yi fari-fari, na koma amfani da farin tawul.

Kurajen sun riga tabo tafiya. A baƙar fata irin tamu, kurji ɗaya da aka matse yana iya barin baƙin tabo na watanni. Na daina matsewa, na riƙa shafa man kariya daga rana. Mai ciki kuwa lallai ta faɗa wa likita, domin ba a ba ta adafalin ko ƙwayoyin doksisaikilin da ake sha don kuraje, maganin manyan kuraje mai suna aisotiretinoyin kuma yana iya nakasa jariri.

Gwaggona ta haura shekara 40 lokacin da kumatunta suka fara fesowa. Ta ce, "'Yata, ba ni irin maganin nan naki." Na roƙe ta mu je asibiti tukuna. Nata ba irin nawa ba ne. Babu baƙin kai ko ɗaya, sai zafi da zogi, musamman in ta sha shayi mai zafi, ta ci yaji, ko ta daɗe a bakin murhu. Likita ta ce rozeshiya ce, cutar da a farar fata ake ganewa da jan fuska, a tamu kuwa jan yakan ɓuya. Abin da ya ta'azzara ta shi ne wani haɗin mai da aka sayar mata don gyaran fata, mai ɗauke da sitiroyid, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, irin su kulobetasol, irin mayukan da hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ke yawan gargaɗi a kansu.

Da ta bar man sai fuskar ta ƙara tashi, har ta so komawa gare shi, amma likita ta riga ta faɗa mata haka za a yi. An ba ta metronidazol na shafawa da ƙwayoyin doksisaikilin. Rozeshiya ba ta warkewa gaba ɗaya, lallaɓa ta ake yi. Yanzu Gwaggo tana barin shayinta ya huce, ta rage yaji, kuma girkin rana ya koma hannun 'ya'yanta.