Wasiƙa daga gindin Dutsen Kamaru zuwa ga mutanen Zazzau

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da 'yan'uwana na Birni, da Tudun Wada, da Sabon Gari, da Samaru. Daga Buea nake rubuto muku, garin da ke kwance a jikin Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000.

Mu da muka tashi muna kallon Kufena, dutse a wurinmu abu ne da ba ya motsi. Shi Kufena a can ƙarƙashin ƙasa ya narke ya daskare tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ta rufe shi har ya bayyana. Na nan kuwa da ransa. Narkakken dutse na taruwa a cikinsa yana zaɓarɓaka kamar tukunyar talge, in ya cika sai ya tsaga gefen dutsen ya malalo.

Ya yi aman wuta a 1909, har Jamusawa masu mulkin mallaka suka kwashe ofisoshinsu zuwa Duwala na ɗan lokaci. Ya sake a 1922, da 1959, da 1982. Na 1999 ne dai aka fi ba da labarinsa: malalar ta gangaro wajen ƙauyen Bakingili, ta datse hanyar Limbe zuwa Idenau, ta tsaya dab da teku. Na je na taɓa wurin da hannuna. Baƙin dutse ne mai kaushi, duk huda-huda inda iska ta fita lokacin da yake sanyi, ga shi tuni ciyawa ta tsiro a tsagoginsa.

Za ku ce me ya zaunar da mutane a nan? Ƙasar ce. In toka da dutsen suka rududduge sai su zama taki, ayaba da kwakwar manja da ganyen shayi sai wanda ya gani.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, dutsen nan ba shi kaɗai ba ne. Jeri guda ne na duwatsun wuta da ya taso daga tsibiran teku, ya ratsa Kamaru, ya kai har tsaunukan Biu a Borno. A jerin nan ne Tafkin Nyos na Kamaru yake, wanda a watan Agustan 1986 ya saki iskar kabon mai shaƙe numfashi cikin dare, mutum sama da 1,700 suka rasu, da dabbobinsu. Allah Ya kiyaye na gaba. Kuma tsoron kada gaɓar tafkin ta ɓalle ruwa ya kwararo ta Kogin Katsina-Ala na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba.

Don haka ina roƙon malamanmu na sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, ku riƙa kai ɗalibai Biu su ga tsoffin bakunan wutar da idonsu. Iyaye kuma, in yaro ya ce wannan fannin yake so, don Allah a bar shi ya karanta.

Wassalam, ɗanku a Kamaru.