Uwar gida da takardar neman aiki

A ranakun da ba na zuwa ofis nakan taimaka wa mata cike takardun neman aiki. Yawancin masu zuwa labarinsu ɗaya ne: mace ta yi shekaru tana riƙe da gida, sai maigida ya rasu, ko aure ya mutu, ko ciwo ya kwantar da shi, abin da ke shigowa ya tsaya cak.

Inda suka fi cijewa shi ne layin da ake rubuta aikin da aka taɓa yi. Wata baiwar Allah ta riƙe biro ta daɗe tana kallonsa, can ta ce, "Ƙanwata, ni fa ban taɓa yin komai ba." Alhali ita ta yi jinyar surukarta har rai ya yi halinsa, ita ke ja da albashi ya kai ƙarshen wata, ita ke zama da yara kan aikin makaranta. Na ce, "Yaya, duk mu rubuta su." Muka sa kula da marar lafiya, muka sa riƙe lissafi.

A Amurka wasu mata biyu, Tish Sommers da aurenta ya mutu bayan ta haura hamsin, da Laurie Shields da mijinta ya rasu, su suka tsaya kai da fata har jihar Kalifoniya ta yi dokar taimaka wa irin waɗannan matan gida a 1975, aka buɗe musu cibiyar horo da neman aiki a birnin Oakland a 1976. Dokar horar da ma'aikata ta gwamnatin Amurka ta 2014 ma ta sa irin waɗannan mata a sahun waɗanda suka rasa aikinsu. Wannan ya yi mini daidai, domin aiki suka rasa.

Abin da ke damuna shi ne horon da ke ƙarewa a satifiket da hoto. Mai yara ƙanana ba za ta zauna aji ba sai an san wa zai riƙe mata su, kuma kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ta dawowa mako na biyu. Wadda karatunta ya tsaya a sakandare tana bukatar hanyar kammalawa da yamma. Sannan kafin a buɗe aji, a fara zama da masu ɗaukar ma'aikata, a ji su wa suke nema, kuma nawa za su biya.