Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Abin da Kawu Ya Ce in Haɗiye

A makon jiya na tsaya a ranar da muka shigo Maiduguri, kuma na yi alkawarin ba da labarin zamanmu a sansanin 'yan gudun hijira, amma maganar Kawu ta tare mini hanya, domin tun da na ajiye alƙalami take dawo mini. Kwana uku da isowarmu, cikin Janairun 2015, ya same ni a bayan ɗakin da aka sauke mu ina kuka saboda ƙanena, wanda muka rabu da shi a bakin tafkin Chadi ranar Asabar ɗin da 'yan Boko Haram suka shiga Baga, kuma har yau ba mu ga ko gawarsa ba. Kawu bai zauna ba. Ya tsaya a kaina ya ce: "Haɗiye, namiji ba ya kuka." Na haɗiye kuwa, kuma na shafe shekara huɗu ina haɗiyewa.

Wanda bai ɗanɗana wannan ciwo na firgici ba yana zaton tunani ne kawai, alhali a jiki yake zaune. Wata rana in wuni kamar garwashi, ko faranti ya faɗi sai gabana ya yanke, hannuna ya hau rawa, in rasa wanda zan huce a kansa. Wata rana kuma in wayi gari kamar toka, a yi haihuwa ko rasuwa a unguwa ban ji komai ba. Ni da na tashi cikin hayaƙin banda a Doron Baga, sai ga shi warin hayaƙi ya zama abin da yake mayar da ni tsakiyar wancan gudu.

A tashar Keke Napep wani abokin aiki ya fara miƙo mini tramol, ya ce maganin gajiya ne. A asibiti mai miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, mu kuwa mai 225 muke sha, kuma ba a jima ba guda ɗaya ta daina isata. Ba don nishaɗi na sha ba, ina so 'yan uwan da suka yi ta kirana ɗan ƙwaya su karanta wannan da kyau. Na sha ne domin ita kaɗai ta iya yi mini abin da Kawu ya umarce ni, wato ta danne abin da yake tasowa daga ƙirji. Da dare in bi ta da kodin a cikin kwalbar lemo don in samu barci, har zuwa watan Mayun 2018 da gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, ya yi tsada, na koma kan ƙwayar gaba ɗaya.

Na tsallake aurena, zan dawo gare shi. Abin da ya kai ni asibiti ya faru ne da yammacin wata Sallah, lokacin da yara suka fasa abin wasansu mai ƙara a ƙofar gida. Ban san sa'ad da na yi jifa da tiren abinci ba, na daka wa mai ɗakina tsawar da maƙwabta suka ji, mai sunan Baba kuma, yana ɗan shekara biyu, ya rarrafa ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Kunyar abin ta sa na watsa ƙwaya uku a baki lokaci guda, sai jijjiga irin ta farfaɗiya ta kayar da ni a zaure.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a kan titin Baga yake, kuma ko sunan titin ya ishe ni jarrabawa a ranar. Jami'ar da ta zauna da ni ta ce mini ciwo biyu ne suka sarƙe: firgici yana tura ni ga ƙwaya, ƙwaya kuma idan ta sake ni sai ta bar firgicin ya fi na da, saboda haka dole a kula da su tare. A hankali aka riƙa rage mini ita, na sha zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Amma abin da ya fi ba ni wuya shi ne tambayar da take yi mini kullum: "Malam, me kake ji yanzu?" Ni kuwa "ba komai" kaɗai na iya. Sai da muka yi makonni kafin bakina ya iya cewa tsoro ne, kuma a ranar na gane cewa yawancin abin da nake kira fushi tsoro ne ya sake kama.

Ta koya mini in ja numfashi ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, sannan in ambaci abubuwa biyar da idona yake gani, don jikina ya tabbata a Maiduguri yake ba a bakin tafki ba. Da ta ji ni ɗan masunta ne, sai ta ce sha'awar ƙwaya igiyar ruwa ce, tana tasowa ta kai ƙarshenta ta kwanta, aikina in riƙe kwalekwale. Daga baya limamin unguwarmu ya tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) ya hori mai fushi ya zauna idan a tsaye yake, kuma shi kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Na daɗe ina mamakin yadda Kawu, da duk karatunsa, bai tuna da wannan ba a bayan ɗakin nan.

Bara na kai masa gaisuwa da niyyar in faɗa masa abin da kalmarsa ta jawo mini. Kafin ya fito, Gwaggo ta rage murya ta ce mini tun barinmu Baga bai taɓa kwana a ɗaki ba, a zaure yake zama ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa har asuba. Da ya fito na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa goro, muka yi hirar tsadar hatsi, na tashi na tafi ban faɗa ba.