"Irin Na Tele Nake So": Sana'ar Shirya Ɗaki a Yamai

Sana'ata ɗinkin labule da shirya ɗaki. Shagona yana Yamai, ba nisa da Wadata, ni kuwa ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni. Ina da teloli, da yaro mai hawa tsani ya huda bango, sai kafinta da mai yin kujeru waɗanda ba a ƙarƙashina suke ba, amma duk aikin da ya shigo su nake kira. Da can mace takan zo ta ce a yi mata irin na ƙanwar mijinta, ko irin wanda ta gani a gidan biki. Yanzu waya ake miƙo mini. An tsayar da fim, an ɗauki hoton fuskar tele, wani lokaci har da inuwar mai ɗaukar a ciki, a ce: "Hajiya, irin wannan nake so, kada a rage komai."

Daga hoton kaɗai nakan gane abin da ake kallo a gidan. In na ga fari da ruwan toka, taga tun daga ƙasa har sama, labule shara-shara yana lilo, to fim ɗin Turkiyya ne. In ja ne da ruwan zinariya, ga ginshiƙai, ga matattakala ta sauko tsakiyar falo, Indiya ke nan. Masu kallon tashar Novelas TV, mai nuna finafinai irin na Barazil, suna zuwa da tukwanen shuke-shuke da teburin cin abinci mai kujera takwas. Masu Arewa24 da finafinan Kano kuwa, kujeru masu sassaƙa da bangon tele mai fitilu a ɓoye, da rufin sama mai hawa-hawa, wanda su can suke kira POP, mu nan muke cewa staf.

Yawancin waɗannan ɗakuna ba wanda ya taɓa kwana a cikinsu. Da yawa daga finafinan Indiya masu dogon zango a Film City ta Mumbai ake ɗaukar su, na Barazil kuma tashar Globo tana da katafaren wurin ɗauka a Rio tun 1995. A irin waɗannan wurare bango uku ake kafa wa ɗaki, gefe na huɗu a bar shi a buɗe don masu kyamara. Bangon ma falange ne da aka shafa wa fenti, in an gama a ɗauke shi. Sau da yawa babu rufi, domin a sama ake rataye manyan fitilu. Ba a dafa abinci, ba yaro mai zubar da kunu, ba ƙofar da ake buɗewa iska ta shigo da rairayi. Na Turkiyya sukan yi amfani da gidaje na gaske, tsofaffin gidajen masu hali da ke bakin mashigin Bosforus a Santambul, amma can ruwa ne ta ko'ina, iskarsu ba ta ɗauko ƙasa. Na Kano su suka fi kusa da mu, gidajen mutane ake ara ko a yi haya, sai dai gidajen manya ne, kuma kafin a kunna kyamara an kwashe bokiti da buta da takalman yara. Ga shi gilashin kyamara yana buɗa wuri, ɗaki madaidaici ya koma kamar filin idi.

Wannan bayani ba na yi wa kowa shi da baki, don ba ya shiga. Awo nake ɗauka mu tafi gidan. Wata uwar amarya ta kawo mini hoton kujeru farare masu lanƙwasa, na karan-miski, waɗanda mutum goma za su zauna a kai su wala. Gidan da za a kai yarinyar ciki da falo ne na haya, falon mita 4 da 4. Na sa yaro ya zana girman kujerun da alli a ƙasa, ya zana teburin tsakiya, ya zana inda tele za ta tsaya. Sannan na ce: "Inna, bismilla, ki shiga daga ƙofa ki wuce uwar ɗaka ba tare da kin taka alli ba." Ta ɗaga ƙafa, ta dube ni, ta dubi ƙasa, sai dariya. Na ce: "To ranar suna fa, in Allah ya kai mu, ina dangin miji za su zauna? Ina za ta shimfiɗa sallaya?" Muka tashi a kan kujera mai zaman mutum uku da ƙanana biyu, da darduma babba a tsakiya. Mu mutanen zaman ƙasa ne. Ko a gidan da aka zuba kujerun miliyoyi, in tuwo ya zo saukowa ake yi.

Sai maganar ƙura, wadda ita ce babbar mai gidan kowa a garin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya buso, ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, da safe sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Farin karan-miski ba ya kai sati biyu bai koma ruwan ƙasa ba, kuma ba a wanke shi yadda ake wanke atamfa. Kafet mai manne da ƙasa daga bango zuwa bango, wanda ake gani a finafinan ƙasashen sanyi, rumbun ƙura ne. Gara karo, wato tayil, a ƙasa da darduma da za a naɗe a kai waje a kakkaɓe. Kujera kuwa ina matsa wa mutane a yi mata riga mai zif, a cire a wanke. In mace ta nace sai fari, ina yi mata, kuɗinta ne, amma sai na faɗa a gaban wani, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ranar da kujerar ta yi dauɗa ba ɗan wasan Santambul za a kira a waya ba.

Fitilar nan mai lu'ulu'u da ke reto a tsakiyar falo ma rigima ce. Ƙugiya ɗaya ce a tsakiyar rufi, kuma fanka ke da ita. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na ba wa kowa shawarar sauke fanka don kwalliya, ko da akwai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a gidan, saboda in wuta ta yi rauni ko aka koma kan batir da sola, fanka ce ke iya juyawa.

Abin da na fi jin daɗinsa a aikin shi ne gano ainihin abin da ya ɗauki ran mutum a hoton. Nakan ce: "Yaya, nuna mini da yatsa inda idonki ya fara sauka." Da wuya yatsan ya sauka a kan kujera. Galibi labule ne, ko haske. Labulen tele yana da kwarjini ne don daga can sama ake sako shi har ya taɓa ƙasa, ya kuma wuce faɗin taga hagu da dama. Mu kuwa mun saba kafa ƙarfe daidai kan taga, a yanko yadi daidai faɗinta, ya tsaya a miƙe ba tattara. In taga mita 1 da rabi ce, ni yadin da zan tattare a kanta ba ya kasa ninki biyu na faɗin ƙarfen, ƙarfen kuma in ɗaga shi kusa da rufi. Da wannan kaɗai ɗaki yakan ƙara tsawo a ido, ba a taɓa bulo ko ɗaya ba.

Haske kuwa, a shago na kafa ƙwai biyu a kusurwa ɗaya. Ɗaya fari fat, irin wanda aka rubuta wa 6500K a kwali, wanda ya cika gidajenmu. Ɗaya mai ɗan ja-ja, 3000K. Nakan ɗora yadi ruwan zuma a ƙarƙashin na farko, a gan shi fayau kamar ya koɗe. In kashe, in kunna na biyu, sai ka ji an ce: "Yauwa, wannan ne na cikin tele!" Yadin bai sake ba. Masu shirya fim suna haska ɗaki daga wurare da dama, gefe da baya da ƙasa, shi ya sa komai ke sheƙi. A gida, fitila biyu a bango da ɗaya a kusurwa sun isa, kuma kuɗinsu bai kai na hannun kujera ɗaya ba.

Ranar jere ake gane cewa zamani biyu ne a ɗaki ɗaya. Amarya tana son bango wayam kamar yadda ta gani, iyaye da gwaggwanni suna son a ga kwanuka da kuloli da tangaran, a san ƴarsu ba daga sama ta faɗo ba. Ni a nan ina ɗan karkata wajen tsofaffin. Jere shaida ce ta abin da uwa ta yi shekaru tana tarawa, ba a share shi don wani fim da za a manta da shi baɗi. Abin da muke yi, kafinta ya haɗa bife mai ƙofar gilashi a bango guda, kayan su shiga ciki a tsare, sauran bangon a bar wa yarinya.

Wani abin da ke ba ni dariya da haushi lokaci guda: shekaru ina nuna wa mutane faifai da tabarmar kaba mai launi, da matasan fata irin na Abzinawa, da bargon tera-tera, ana ce mini kayan ƙauye. Turawa da ke zaune a unguwar Filato ta Yamai kuwa su suke bi su saya a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da wurin masu sana'a na gidan tarihi na Boubou Hama. Da aka fara ganin an jera faya-fayi a bango a finafinan waje, sai ga ƴan boko suna tambaya ko ina da "irin kwandunan nan". Ina da su, daga Tawa ake saƙo mini, kuma yanzu na daina jin nauyin faɗin kuɗinsu.

Kaya dai yawanci ba namu ba ne. Katako da soso da ƙusa a kasuwar Katako muke saye, yadi a Babbar Kasuwa, wani kuma ta Kano da Maraɗi yake shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya hau. Tun lokacin ba na yanka farashi sai na je na taɓa yadin da hannuna, kuma ba na sa almakashi sai an ba da rabin kuɗi. Katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, da ake yin bangon tele da shi, ina gaya wa mai shi tun farko cewa ba ya shiri da ruwa. In ana wanke ƙasa da bokiti, sai a ɗaga shi a kan ƙafafu, in ba haka ba gindinsa ya kumbura kafin damina ta biyu. Soson kujera kuma a nemi mai nauyi, ko da ya fi tsada, mai sauƙin nan wata shida ya lotsa.

Wani kaso mai kyau na cinikina daga ƴan uwana Adarawa yake zuwa, masu bida a Abijan da sauran garuruwan gaɓar teku. Mutum zai turo hoto ta WhatsApp da tsakar dare, ya ce a yi wa iyalinsa a Tawa kafin salla, kuɗi ba matsala. Sai ya ƙara da cewa ɗakin "babba ne sosai", ko ya sa ƙaninsa ya auna da taku. Ba na karɓar awon taku. Tsakanin Yamai da Tawa ya haura kilomita 500, labule in ya gaza ba a mayar da shi a ƙara. Yaro nake sa wa a mota da awo da littafi, ya kwana can, ya auno kowace taga da tsayin bango, ya duba ko bangon siminti ne ko na laka, don ƙusar da za ta riƙe ƙarfe a wannan ba ita za ta riƙe a wancan ba. Kuɗin motarsa a cikin lissafin Alhaji yake, kuma ina rubuta shi a fili a kan takarda.