Kwantenar da ta cinye mini sabatikal

Wani tsohon ɗalibina da ke sabatikal (hutun bincike da ake ba malaman jami'a) a Amurka ya kira ni ta WhatsApp, yana juya waya yana nuna mini kwalaye jibge a falo: firiji, injin wanki, har da na gasa burodi. Maiɗakinsa na gefe tana ta ɗaure su. "Malam, kwantena za mu yi," in ji shi, baki har kunne. Na ce Allah ya kawo ku lafiya, na kashe. Sauran maganar ga ta.

Ni ma haka na yi. Mutum sai ya shekara shida yana koyarwa kafin a ba shi wannan shekara guda, ni kuwa rabinta a kantuna na ƙarar da ita. Littafin da na tafi rubutawa har yau babi biyu ne. To amma a yi mini adalci: wa zai dawo Samaru daga Amurka hannu rabbana, dangi na jira tun daga Tudun Wada har Ƙofar Doka? Kuma kayan akwai araha, wallahi akwai.

Arahar ta ƙare a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Kuɗin fito, kuɗin ajiya kullum yana hawa, ga motar da za ta kawo su Zariya. Bashi na ci. Da suka iso, uwargida ta jona injin markaɗe, ya yi ƙara sau ɗaya, hayaƙi ya tashi. Ƙarfin wutar Amurka volt 120 ne, namu 230, kuma na san haka! Gidan da na kulle ban bar wa kowa makulli ba, damina ta bi ta rufi, gara ta shiga akwatin littattafaina. Na ɗaga wani ƙamus, bangon kawai ya biyo hannuna, cikin duk ya zama ƙasa. Ko da yake wa zan ba makullin? Ƙanena? Ai da ya mai da gidan majalisa.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ba ku karanta abin da ya wuce tsawon allon waya. Ku zo da kuɗinku a hannu. Bayan da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024; kasuwar Sabon Gari ba abin da babu. A tura wani ya buɗe gidan, ya duba rufi da famfo kafin ku sauka. Tsaraba kuwa ku manta da ita, ba mai gode muku. A'a, ban da ta iyaye. Kada ka kuskura ka durƙusa gaban surukarka ba ko turmin atamfa, ko da a Kano ka saya a hanya.

Sai yara. A nema musu gurbin makaranta kafin Satumba, kuma a koya musu gaisuwa tun a can. Nawa ɗan a tsaye ya miƙa wa kakansa hannu, tsohon bai ce komai ba, ni ya kalla.