Shylock ya tsaya mini a rai

Jiya na gama karanta wasan Shakespeare, The Merchant of Venice. Shylock, Bayahuden birnin Venice, ya ba da rancen kuɗin zinariya ducat 3,000 bisa sharaɗin yankar tsokar Antonio, ɗan kasuwar da ya tsaya wa bashin, in ba a biya ba. A kotu aka ce a ninka masa kuɗin, ya ƙi, yana wasa wuƙa a tafin takalminsa. Wannan mugunta ce tsantsa.

Amma fa Antonio ya sha tofa masa yawu, yana kiransa kare. 'Yar Shylock, Jessica, ta gudu da dukiyarsa, har zoben da matarsa Leah ta ba shi tun yana saurayi ta musanya da biri. Wallahi a nan idona ya kawo ruwa. Ƙarshe aka tilasta masa barin addininsa, suna kiran hakan jinƙai.