Ƙannena masu son aiki da bayanan pulsa, ku saurara

Ƙannena da kuke karatun fiziks, musamman waɗanda maganar taurari ta fara shiga ransu, akwai wani aiki da na ɗauka ina ɗalibi, wato zana taswirar maganaɗisun galaksinmu da bayanan taurarin pulsa, kuma gaggawa ta sa na tafka kurakuran da ba na so ku maimaita.

Ita pulsa ai gawar babban tauraro ce da ya fashe, abin da ya rage ya dunƙule faɗinsa kamar kilomita 20 amma ya fi rana nauyi, yana juyawa yana feso siginar rediyo, duk juyin da ya yi sai bugunsa ya iso mana. Jocelyn Bell ce ta fara gano irinta a 1967 a Ingila. To kafin siginar ta iso duniya sai ta ratsa ilektoron da ke warwatse tsakanin taurari, su kuma abu biyu suke mata. Suna sa igiyar rediyo mai dogon zango ta makara a bayan mai gajeren zango, daga wannan jinkirin ake samun lambar da ake kira DM, ita ke nuna yawan ilektoron ɗin da ke kan hanya. Sannan in akwai maganaɗisu a wurin sai ya murɗa fuskar da siginar ke kaɗawa, irin abin da Faraday ya gani a 1845 da haske da gilashi, girman murɗawar shi ne RM. Ka raba RM da DM ka ninka da 1.232, ka samu ƙarfin maganaɗisu da ma'aunin maikrogaus.

Sauƙin lissafin nan ne ya ruɗe ni wallahi. Na sauke kundin ATNF na Ostareliya, kyauta yake a intanet da pulsa sama da 3,000, na ware masu RM, na raba na ninka, na zuba kaloli a kwamfuta ina ta murna. Duk inda lamba ta fito ƙarama na rubuta cewa maganaɗisu ba shi da ƙarfi a nan. Malamina ya daɗe yana kallon takardar, ya ɗora biro a kan wata pulsa ta wajen tsakiyar galaksi ya ce, in rabin hanya maganaɗisun yana fuskantarmu rabi kuma ya ba mu baya, nawa lissafinka zai bayar? Na yi shiru, don amsar kusan sifili ce. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ci riba da safe ya yi asara da yamma, ka duba aljihunsa da dare ka ce yau bai yi ciniki ba. Lambar nan matsakaici ce ta duk tsawon hanya, kuma ɓangaren da ke kan layin ganinmu kaɗai take aunawa, wanda ya gitta ba ruwanta da shi. Kuma wannan juyewar gaskiya ce fa, a unguwar rana maganaɗisun yana bin hanya ɗaya, ƙarfin tsararren ɓangarensa wajen maikrogaus 2 kamar yadda Richard Manchester ya auna a 1974, amma da ka matsa ciki wajen reshen galaksin da ake kira Sajitariyus sai ya juya. Abin da ya kamata in yi shi ne in nemo pulsa biyu a gefe ɗaya na sama, ɗaya kusa ɗaya nesa, in raba bambancin RM ɗinsu da bambancin DM, sai in san abin da ke tsakaninsu kawai.

Wani abin da har yau yake damuna, na goge alamar ragi daga lambobin da suka zo da ita don na ɗauka ƙarfi ba ya zama ƙasa da sifili. Ashe alamar nan ita ce rabin labarin, in tarawa ce maganaɗisun yana nufo mu, in ragi ce yana tafiya can. Da na tsaya na karanta darasin elektromagnetizim da kyau a aji biyu da ban yi wannan ba, don haka ku riƙe wannan kwas ɗin hannu bibbiyu ko da malamin ba ya burge ku.

Sai nisa. Na ga layin nisa a kundin na ɗauka an auna ne, alhali yawancinsu ƙiyasi ne daga DM ɗin kanta ta hanyar tsarin NE2001 ko YMW16, wato taswirorin ƙiyasin yadda ilektoron ke warwatse a galaksinmu, kuma su biyun sukan saɓa sosai a kan pulsa ɗaya. Waɗanda aka auna nisansu kai tsaye ba su da yawa, ku ware su daban, su za ku fi dogara da su.

In kun kai matakin taɓa ɗanyen bayanai, kamar na na'urorin hangen taurari na rediyo, MeerKAT da ke Afirka ta Kudu ko LOFAR ta Holan, ku tuna saman iskar duniyarmu ma yana ƙara tasa murɗawar kuma tana canzawa tsakanin dare da rana, sai an cire ta. Haka in layin ganinku ya bi ta gajimaren gas mai zafi kusa da manyan taurari, shi kaɗai zai iya kumbura RM da DM, ku duba taswirar waɗannan gajimaren kafin ku yarda da lambar pulsar da ke bayansu.